ZIYARAR BAKIN TAFKI DA IYALI: DAƊINTA DA ABIN DA KE ƁOYE CIKIN RUWA

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Kano ko Sakkwato ko Yawuri ya san irin zafin da akan sha daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, lokacin da ma'aunin zafi kan haura 40, ɗaki ya gagari kwana, yara su yi ta kai da komo tsakanin randa da inuwa. A irin wannan lokaci, musamman idan hutun makaranta ko na Salla ya faɗo a ciki, magidanta da yawa sukan ɗebi iyalinsu a mota su nufi bakin ruwa domin su sha iska. Wasu su yi Tiga, wasu Bagauda, wasu kuma su yi Kainji. Har ma Hausawa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, idan sun zo gida hutu tare da 'ya'yansu waɗanda aka haifa a Kudu, sukan so su nuna musu cewa Arewa ma tana da ruwan da ido ba ya iya ganin ƙarshensa.

Wannan al'ada ce mai kyau, kuma ba ta da tsada idan aka gwada ta da sauran hanyoyin shaƙatawa. Amma akwai abu biyu da sukan biyo iyali gida daga bakin tafki idan ba a yi hattara ba. Na farko shi ne makoki, watau a tafi da yara biyar a komo da huɗu. Na biyu kuwa ciwo ne wanda ba ya bayyana sai bayan watanni, lokacin da kowa ya manta an taɓa zuwa wanka. Dukansu biyu ana iya kauce musu, muddin magidanci ya san irin ruwan da zai kai iyalinsa.

YADDA TAFKUNAN SUKA SAMU

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, yawancin manyan tafkunan da ake zuwa yawon shan iska a Arewa ba asalinsu tafkuna ba ne. Koguna ne aka datse, ruwa ya taru ya shanye gonaki da dazuzzuka da garuruwa.

A Jihar Kano, Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ne ya ɗauki aikin datse ruwa da muhimmanci ƙwarai. A zamaninsa aka gina madatsar Bagauda, wadda aka sa wa sunan sarkin Kano na farko, aka kuma gina masauki a gefenta mai ɗakuna zagayayyu kamar bukkoki, watau Bagauda Lake Hotel, inda manyan ma'aikata da baƙi suka riƙa zuwa hutun ƙarshen mako da tarurruka a shekarun 1970 da 1980. A cikin watan Agusta na 1988, bayan an yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, bangon madatsar ya fashe, ruwa ya yi ɓarna mai yawa a gonaki da ƙauyukan da ke ƙasa da ita. An sake gina ta daga baya. Shi kuwa masaukin, yanzu ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya.

Gaba kaɗan da Bagauda, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano, nan madatsar Tiga take a kan Kogin Kano. An fara aikinta a 1971, aka gama a 1974. Tsawon bangonta ya kai wajen kilomita 6, tsayinsa kuma kimanin mita 48, sa'an nan ruwan da ta tara ya mamaye fili kusan murabba'in kilomita 178. Daga nan ake sakin ruwan da ke ciyar da noman rani na Kadawa da Kura, inda ake fitar da shinkafa da alkama da tumatir. A kan dutsen da ke kallon ruwan aka gina masaukin Rock Castle, wanda a zamaninsa babu irinsa a jihar, ko da yake ya daɗe da lalacewa saboda rashin kulawa.

Babban yayansu duka shi ne Tafkin Kainji a kan Kogin Kwara. An fara gina madatsar a 1964, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969 domin samar da wutar lantarki. Tsawon tafkin ya kai kimanin kilomita 135, daga kusa da Sabon Bussa a Jihar Neja har zuwa wajen Yawuri a Jihar Kebbi. Fiye da mutum 40,000 aka tasa daga garuruwansu da tsibiransu aka sake musu matsuguni. Tsohon garin Bussa, inda Baturen nan mai yawon bincike Mungo Park ya halaka a cikin duwatsun kogi a 1806, yana ƙarƙashin ruwan nan har yau.

Ga mazauna Kudu kuma akwai tafkuna na ainihi waɗanda ba hannun mutum ya yi su ba, kamar Tafkin Oguta a Jihar Imo, wanda ba shi da nisa da Owerri, inda baƙo kan ga ruwan tafki mai haske ya haɗu da jan ruwan Kogin Urashi, kowanne yana riƙe da launinsa. Akwai kuma Tafkin Agulu a Jihar Anambra. Shi kuwa Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, fari ya janye mafi yawansa a shekarun 1970 da 1980, sa'an nan rikicin da ya ɓarke a yankin tun daga 2009 ya sa ba wurin kai iyali ba ne.

WUNI A GAƁA

Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi mamakin yadda iska take canzawa tun kafin a hango ruwa. Da an sauka daga mota sai a ji wani sanyi-sanyi yana bugowa daga tafkin, ga ƙanshin laka da na hayaƙin masu gasa kifi. Uwargida ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiya, a sauke kulolin shinkafa da dambu da zoɓo, yara kuwa tuni sun tuɓe takalma sun nufi yashi a guje. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin unguwarsu ba yakan tsaya ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya juyo ya tambayi ubansa ko wannan ne teku.

Masunta su ne masu wurin. Da sassafe da kuma yamma sukan fito da kwale-kwalensu ɗauke da karfasa da tarwaɗa da ƙurungu da ragon ruwa, idan an yi sa'a har da giwan ruwa. A Kainji akwai wasu 'yan ƙananan kifaye da ake kira warangi, waɗanda ake shanyawa a rana a kai kasuwanni masu nisa. A nan ne baƙo zai ga Sarkawa, waɗanda sana'ar ruwa gadonsu ce tun kaka da kakanni, da Gungawa da Kambari, da kuma masunta daga Kudu da ƙasashen maƙwabta. Kifin da aka saya a bakin jirgi aka gasa nan take ya sha bamban da wanda ya kwana biyu a hanya kafin ya iso kasuwa, kuma kuɗinsa ya fi sauƙi.

Akwai ilmi mai yawa ga yara a irin wannan tafiya. Suna ganin inda ruwan noman rani yake fitowa, da inda wutar lantarki take samuwa, da yadda ake gyaran taru, da tsuntsayen ruwa iri-iri kamar balbela da zalɓe da kirinjijiya. Wannan ya sa malaman makaranta suke son kai ɗalibai. Sai dai fa a mafi yawan wuraren nan babu mai tsaron gaɓa wanda aka horar domin ceto, babu alamar da ke nuna inda zurfi ya fara, asibiti kuma yana da nisa. Saboda haka tsaron yara duk yana wuyan wanda ya kawo su.

RUWAN DA YA KWANTA SHIRU

Mutanen Ikko da suka yi zamanin Bar Beach, kafin a cike wurin da yashi a gina sabon gari a kansa, sun san yadda teku take gargaɗin mutum da kanta. Rugugin igiyar ruwa kaɗai ya isa ya sa uwa ta riƙe hannun ɗanta. Tafki ba ya yin wannan gargaɗi. Yana kwance lumui kamar ruwan kwano, har mutum ya ɗauka wasa ne. Ga shi kuma ruwan daɗi bai kai na gishiri ɗaukar jiki ba, domin ruwan teku ya fi shi nauyi da wajen kashi 2 da rabi cikin 100. Wanda ya saba iyo a teku zai ji jikinsa ya fi nauyi a tafki, ya kuma fi saurin gajiya.

Babban haɗarin tafkin madatsa yana ƙasansa. Tun da yake wurin gonaki ne da daji a da, duk abin da ke nan kafin ruwa ya zo yana nan har yanzu: kwazazzabai, da tsofaffin rijiyoyi, da ramukan da aka haƙi ƙasa, da kututturan itatuwa, da kuma tsohuwar hanyar kogin kanta. Yaro yana tafiya ruwa iyakar gwiwarsa, taki ɗaya zai ƙara sai ya ji babu ƙasa. A wani wurin kuma laka ce take riƙe ƙafa, ko ciyawar ruwa ko tsohon taru ko igiyar ƙugiyoyin masunta su naɗe ta. Wanda ya yi tsalle ya faɗa da ka a inda bai san zurfinsa ba yana iya bugun kututture ko dutse ya karya wuya.

Har ila yau gaɓar ba ta zama wuri ɗaya. A Kainji ruwa yakan hau ya sauka da mita da dama a cikin shekara guda, domin tafkin yana samun cika sau biyu. Akwai farin ruwa, wanda ruwan daminar ƙasar nan ke kawowa daga wajen watan Agusta, akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratso Mali da Nijar, ya iso a cikin hunturu. A Tiga ma ruwa yana ja da baya a lokacin rani yayin da ake sakinsa ga manoma. Ma'anar wannan ita ce, wurin da iyali suka yi wanka lafiya a Sallar bara yana iya zama bakin rami a Sallar bana.

Wani abin kuma shi ne sanyi. Rana tana ɗumama saman ruwa ne kawai, ƙasansa kuwa yana nan da sanyinsa, kuma wanda ya faɗa cikin wannan sanyi ba shiri numfashinsa yakan sarƙe, ko jijiyar ƙafarsa ta ɗaure. Kusa da bangon madatsa da inda ake sakin ruwa akwai ja mai ƙarfi wanda ba a gani daga sama, don haka babu dalilin da zai sa a bar kowa ya yi wanka a nan. Haka nan manyan hanyoyin ruwan noman rani: suna da kyaun gani, ba su da faɗi, amma ruwansu yana gudu, kuma inda aka daɓe gefensu da siminti gansakuka takan sa santsin da ko babba ba ya iya fita.

Yara sukan shiga ruwa da jarka ko roba ta cikin tayar mota su ce ta riƙe su. Iska kaɗan ta isa ta tura irin wannan zuwa tsakiya, kuma da ta suɓuce shi ke nan. 'Yan mata da matan aure da ke shiga da zane da dogon mayafi su ma suna cikin haɗari, domin tufafin da ya sha ruwa yana yin nauyi, yana kuma naɗe ƙafafu. Waɗannan su tsaya inda ruwa bai wuce ƙwauri ba. A Kainji kuma akwai dorina da kada a wasu sassa. Masunta da Sarkin Ruwa na wurin sun san inda suke, sun san inda rami yake, kuma tambayarsu ba ta cin ko kwabo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum kimanin 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga cikinsu yara ne da ba su kai shekara 5 ba, kuma idan aka yi la'akari da yawan jama'a, Afirka ce abin ya fi shafa. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 25 ga Yuli ta zama ranar faɗakarwa a kan nutsewa.

SHIGA KWALE-KWALE

Da wuya a je bakin tafki yara ba su roƙi a zaga da su a jirgi ba, masu jirage kuma suna nan suna kiran fasinja. A nan ma sai an yi lura, domin hatsarin jirgi ya fi na wanka cin rayuka a lokaci ɗaya. Ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse kusa da Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, kuma kaɗan ne aka ceto da rai. Ran 30 ga Nuwamba na wannan shekarar kuma wani jirgin ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban makarantar Islamiyya ne da suka taso daga ƙauyen Badau za su taron Mauludi. A duka biyun, lodin da ya wuce kima yana cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi.

Saboda haka kafin magidanci ya sa 'ya'yansa a jirgi, sai ya dubi jikin jirgin, ya dubi yadda ruwa ya kusa bakinsa bayan an gama lodi, ya ga ko ana kwarfar ruwa daga cikinsa tun ba a tashi ba. Ya tambayi rigar kariya daga nutsewa, ya kuma tabbata ta yi daidai da jikin yaron, domin rigar babba takan zame ta kan yaro da zarar ya faɗa ruwa. Idan babu riga, gara a haƙura a yi kallo daga tudu. Kada a shiga bayan la'asar sakaliya, kada kuma a shiga idan hadari ya haɗo. A ƙarshen bazara da farkon damina iska takan taso ba sallama, cikin ɗan lokaci tafkin da ke kwance ya tayar da igiyar da za ta kifar da kwale-kwale. Da an ji tsawa kuwa, kowa ya fita daga ruwa, ya kuma bar gindin doguwar bishiya.

TSARGIYA

Haɗari na biyu ba ya ko motsa ruwa. Tsargiya, watau ciwon fitsarin jini, wata 'yar tsutsa ce take kawo ta, wadda wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya gano a birnin Alƙahira a 1851. Yadda take yaɗuwa shi ne, mai ciwon ya yi fitsari ko bayan gida a cikin ruwa ko kusa da shi, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke manne da ciyawar gaɓa. A cikinsa suke hayayyafa, bayan 'yan makonni su fito dubbai suna yawo a ruwa, ido ba ya ganinsu. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga, cikin 'yan mintoci, ko mutum wanka yake yi, ko wanki, ko alwala, ko kuwa ƙafa kawai ya tsoma. Sun fi fitowa da hantsi zuwa tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara cikin ruwa.

Shi wannan dodon koɗi ba ya rayuwa a ruwan gishiri, ba ya kuma son ruwa mai gudu da ƙarfi. Abin da yake so shi ne ruwan daɗi mai kwanciya, marar zurfi, mai ciyawa, watau daidai wurin da uwa za ta zaɓa wa ƙananan 'ya'yanta saboda ta ga babu zurfi. Wannan ya sa duk inda aka datse kogi a Afirka ciwon yakan ƙaru. Haka aka gani a ƙauyukan bakin Tafkin Volta na Gana bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, haka kuma aka gani a garin Richard-Toll na Senegal bayan an gama madatsar Diama a 1986. A ƙasar nan an sha samunsa a ƙauyukan bakin Kainji, da yankin noman rani na Kogin Kano, da kewayen Tafkin Agulu. Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan masu wannan ciwo.

Alamar farko ba ta wuce ɗan ƙaiƙayi ba, wani ma ba ya jin kome. Bayan makonni sai zazzaɓi da kasala da tari, waɗanda akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Bayan wata biyu zuwa uku sai a ga jini a ƙarshen fitsari, ko kuma ciwon ciki da gudawa mai jini idan irin ta hanji ce. A ƙauyuka da dama an saba ganin wannan ga yara maza har ana cewa alamar balaga ce. Wannan kuskure ne mai tsada. Idan aka bar ciwon ya daɗe yana rage jini, ya hana yaro girma da fahimtar karatu, ya lalata mafitsara da ƙoda ko hanta, har yana iya kaiwa ga ciwon daji na mafitsara. Ga mata kuma yana taɓa al'aura da mahaifa, ya kawo zubar jini da ciwon mara, wani lokaci da rashin haihuwa, kuma sau da yawa akan ɗauke shi a matsayin ciwon sanyi, a zargi baiwar Allah da abin da ba ta aikata ba.

Abin farin ciki shi ne akwai magani. Sunansa praziquantel, an samo shi a ƙasar Jamus a shekarun 1970, kuma ana auna shi ne da nauyin mutum ko tsayinsa. Ana raba shi kyauta ga 'yan makaranta a yankunan da ciwon ya yi yawa. Amma akwai wani abu da ya kamata iyaye su riƙe: maganin ba ya kashe tsutsar sai ta girma, saboda haka shansa washegarin dawowa daga tafki ba shi da amfani sosai. Abin da ya dace shi ne a jira mako 6 zuwa 8, sa'an nan a kai duk wanda ya shiga ruwa asibiti, a gaya wa likita inda aka je da ranar da aka je, a auna fitsari da bayan gida. Idan zazzaɓi ya zo kafin lokacin, sai a tafi nan da nan. Maganin kuma ba ya hana sake kamuwa. Goge jiki da tawul bayan an fito ba abin dogara ba ne. Idan dole sai an yi wanka da ruwan tafki, a tafasa shi ya huce, ko a ɗebe shi a ajiye a mazubi kwana biyu, domin tsutsar ba ta wuce haka da rai idan ba ta sami jikin mutum ba.

IDAN ABU YA FARU

Mutane da yawa suna zaton wanda ruwa ke ci yakan yi kururuwa yana ɗaga hannu. Yawanci ba haka abin yake ba. Bakinsa yana nutsewa yana fitowa, ba shi da numfashin da zai yi ihu da shi, kuma yaro yana iya ɓacewa cikin ƙasa da minti ɗaya alhali manya suna zaune kusa suna hira. Don haka wajibi ne a sa babba guda wanda ba shi da wani aiki sai kallon yara, ba ya cin abinci, ba ya duba waya, idan ya gaji ya miƙa wa wani da baki. Ƙaramin yaro kada ya yi nisan da hannu ba zai kai gare shi ba. Kada kuma a ɗora wa yayarsa 'yar shekara goma wannan nauyi.

Idan wani ya faɗa, a yi kururuwa a kira masunta. A miƙa masa gora ko sanda ko rawani, ko a jefa masa igiya ko jarkar da ba kome a cikinta an rufe bakinta. Wanda bai ƙware ba kada ya faɗa cetonsa, domin mai nutsewa yakan ƙanƙame duk abin da ya kama, kuma ta haka ne gida ɗaya kan yi asarar mutum biyu ko uku a rana ɗaya. Idan an fito da shi ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen danna cikinsa ko juya shi ƙafa sama domin a fitar da ruwa. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa a hura masa numfashi ta baki, sa'an nan a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30 ana hura numfashi sau 2, ba tsayawa har ya farfaɗo ko taimako ya zo. Ko ya tashi ya ce ya warke, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo bayan sa'o'i.

SAURAN AIKI GA HUKUMA

Ba daidai ba ne a bar wa iyaye nauyin nan su kaɗai. Gwamnatocin jihohi da hukumomin raya koguna da ke kula da madatsun nan suna iya keɓe wuri guda a kowane tafki, a share ciyawarsa, a auna zurfinsa, a kafa alamu da Hausa da Turanci da ajami, a gina makewayi domin a daina ƙazantar da ruwa. Suna iya ɗaukar 'ya'yan masunta, waɗanda sun riga sun iya ruwa tun suna ƙanana, a koya musu taimakon gaggawa a ba su albashi a ranakun Salla da hutu. Dokar sa rigar kariya da hana lodi fiye da kima kuma a tabbatar da ita a bakin jirgi kowace rana, ba sai bayan an yi jana'iza ba. Gyaran tsofaffin masaukai irin na Tiga zai kawo kuɗin shiga, ya kuma ba matasan yankin aikin yi.

Kafin a kai ga wannan, magidancin da ya yi niyyar kai iyalinsa sai ya fara tambayar lafiyar hanya, domin dazuzzukan da ke kewaye da Kainji da wasu sassan kudancin Kano sun sha fama da 'yan bindiga a 'yan shekarun nan. Ya tashi da wuri, ya ɗebi ruwan sha da na alwala daga gida, ya gai da masunta ya nemi shawararsu, ya ƙirga yaransa kafin a sauka da kuma kafin a tashi, ya kamo hanya tun rana ba ta faɗi ba. Yara za su yi wasan yashi, su ci gasasshen kifi, su ga jirage da tsuntsaye, su komo da labarin da za su yi ta ba abokansu har hutu ya ƙare. Wanda kuma yake son 'ya'yansa su iya iyo, abu ne mai kyau ƙwarai, sai ya kai su wurin wanka na gini inda ake sa wa ruwa magani, a hannun wanda ya san aikin, tun kafin ranar tafiya ta zo. Masu iya magana dai sun ce ruwa ba sa'an kwando ba ne. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi lafiya.